Yadda muka sauya wayoyin wutar tsohon gidanmu a Gangare

Jos ta daɗe da sanin lantarki. Tun 1929 kamfanin NESCO ya fara samar da wuta daga ruwan Kurra saboda masu haƙar kuza, shi ya sa a tsakiyar gari ba a rasa gidajen da wayoyinsu suka girmi mazaunansu. Namu na Gangare yana cikinsu. Duk wanda ya yi aure sai a ƙara masa ɗaki, a jawo waya daga na kusa, a naɗe da salatif, shi ke nan. Firji ya shigo, dutsen guga ya shigo, ga hitar ruwa da ba mai rabuwa da ita a sanyin garin nan, duk a kan wayar da aka sa don ƙwan fitila da rediyo.

Abu biyu ne suka sa muka zauna da 'yan'uwa aka yi karo-karo. Da an yi ruwa, ƙofar ƙarfe ta ɗakin Inna sai ta riƙa jan hannun mutum, har jikoki suka mai da abin wasa. Sannan hadarin farkon damina, wanda a nan yakan zo da iska da tsawa, wani sa'in har da ƙanƙara, ya kashe talabijin da dikoda a dare ɗaya, alhali suna kan sitabilaiza.

Na nemo mai wayarin da ke da takardar shaidar NEMSA, hukumar da ke duba ingancin aikin lantarki, ba yaron da ke bin gidaje da filaya a aljihu ba. Da ya hau silin ya sauko, sai ya miƙo min guntun waya. Ina murzawa robar ta marmashe a hannuna kamar ƙuli-ƙuli, jan ƙarfen ya fito tsirara. Daidai inda kwano ke yoyo akwai wani haɗi da ruwa ke ɗiga a kai, jelar wayar kuma tana goga firam ɗin ƙofar Inna. A akwatin fis, wani ya gaji da tsinkewar siririyar wayar ya cusa mai kauri, wadda gidan zai riga ta ƙonewa.

Ya kwance soket biyu ya leƙa, ya ce, "Alhaji, ai gidan nan ba shi da atin ko kaɗan. Ramin saman nan ado ne kawai."

Nan aikin ya fi ba mu wuya, kuma nan ne nake ganin mutane suka fi yin sakaci, don abu ne da ake binnewa, ba mai zuwa ya yaba. Amfanin atin, wato wayar da ke haɗa jikin kayan wuta da ƙasa, shi ne idan wuta ta zubo a jikin firji ko ƙofa, ta sami hanyar da za ta bi zuwa ƙasa har bireka ta faɗi, maimakon ta jira jikin mutum. To amma ƙasar Jos dutse ce. Mun buga sandar jan ƙarfe a bayan gida, ba ta yi nisa ba ta tsaya cak. Wani lebura ya ce a yanke abin da ya rage a rufe, wa zai sani? Mai wayarin ya ƙi. Muka koma gefen da ruwan rariya ke jiƙa ƙasa, aka yi haƙa mai faɗi, aka buga sanduna nesa da juna aka haɗe su da waya mai kauri, ya kafa na'urarsa ya auna kafin ya yarda. Gawayi da gishirin da aka saba zubawa suna taimakawa, sai dai gishiri yana cin ƙarfe a hankali, ruwa kuma yana wanke shi. Don haka ya bar murfi a wurin, ya ce a sake aunawa da rani, lokacin da ƙasa ta bushe, domin a sannan ne ake sanin gaskiyar atin.

Waya kuwa da kaina na je saye, da shi a gefena. Ta fitilu mai kaurin 1.5, ta soket 2.5, hita da kukar girki aka ja musu layinsu daban da mai kauri. Ya koya min in kankare bakin wayar da reza: idan fari ya bayyana a ƙarƙashin ja, alminiyam ce aka yi wa shafe, a ajiye ta ko da rabin kuɗi ce.

Sabon akwatin yana da bireka ga kowane sashe, da wata babba mai katse wuta da zarar yoyonta ya kai miliyamfiya 30. Ranar farko ta faɗi sau da yawa, Baffa ya fusata ya ce, "Kai, a cire wannan abu, da can lafiya lau muke zaune." Da aka bi sawu, hitar da ake tsomawa a bokiti ce ta fashe, wutar tana zuba cikin ruwan wanka. Ban yi gardama da shi ba, hitar kawai na ajiye a gabansa.

Game da tsawa, sitabilaiza ba aikinta ba ne. Ita tana daidaita wutar da ta yi ƙasa ko ta ɗan haura bolt 230, amma bugun da aradu ke turowa ta wayar fal ko ta kebul ɗin dish ya wuce kafin ta motsa. An sa mana na'urar da ke karkatar da irin wannan bugun zuwa ƙasa a cikin akwatin, ita ma ba ta da amfani in babu atin mai kyau, kuma ba ta tare aradun da ta faɗo kan gida kai tsaye. Wannan sai sandar kan rufi, wadda muka ɗage zuwa baɗi. Gara in jira a yi ta da wayarta mai kauri har ƙasa da a kafa min tsinke a kan kwano a ce an gama.

Janareto ma mun raba shi da tsohuwar dabarar cusa waya a soket, wadda kan mayar da wuta kan layi ta kama ma'aikacin da ke bisa fal. Yanzu makunnin canji ne, ko wutar gari ko ta inji, kuma injin yana waje ƙarƙashin rumfa saboda hayaƙi.

Duk da haka, da hadari ya haɗo daga gabas, Inna takan sa a zare filogin talabijin da kebul ɗin dish, ta hana yara wanka da tsayawa jikin famfo. Mai wayarin ya ce kada a hana ta, ita ce da gaskiya. Ni kuma duk wata nakan danna maɓallin gwajin babbar birekar in ga ta faɗi. Ɗakuna biyu na baya har yanzu a katse suke, sai kuɗin waya ya samu.