Yadda faifan ajiya ke cinye RAM a Squid

Sabar da aka damƙa mini a ɗakin kwamfutocin wata makaranta tana da RAM gigabait 8. Manhajar Squid ce a kanta, aikin Squid shi ne ya riƙe abin da wani ya sauke daga intanet don na bayansa ya same shi a gida, ba sai an sake ƙona data ba. Amma da zarar ɗaki ya cika da hantsi, sai komai ya tsaya cak. Da na kunna vmstat, umarnin da ke nuna yadda memori ke aiki, ginshiƙan "si" da "so" ba sa hutawa: na'urar na ta kwasar memori tana jibgewa a swap, wato wurin da aka ware a faifai don lokacin da RAM ya cika, tana dawo da shi.

Wanda ya saita ta kafin ni ya ba cache_mem, wato RAM ɗin da Squid zai riƙe fayiloli a ciki, gigabait 4, ya ware gigabait 500 na faifai a cache_dir, wato ma'ajiyarsa ta kan faifai. A ido lissafin ya yi daidai, tunda rabin RAM kawai ya taɓa. Sai dai cache_mem ba shi ne iyakar abin da Squid ke ci ba. Duk fayil ɗin da ya ajiye a faifai, sai ya riƙe bayaninsa a RAM don ya san inda yake. A na'ura mai 64-bit wannan kan kai kusan megabait 14 kan kowane gigabait. Idan faifan ya cika, gigabait 7 ke nan sun tafi kafin a zo maganar waɗancan 4.

Na rage cache_dir zuwa gigabait 100, cache_mem kuma zuwa 1. Ragowar na bar wa Linux, domin shi ma yana riƙe fayilolin da ake yawan karantawa a memorin da ba kowa a ciki, kuma ya iya aikin. Idan ka kunna umarnin free, kada ƙarancin adadin da ke ginshiƙin free ya tsorata ka, duba ginshiƙin available, shi ke nuna memorin da za a iya amfani da shi.

Na sa memory_replacement_policy a heap GDSF don ƙananan fayiloli masu farin jini su daɗe a RAM, na bar maximum_object_size_in_memory, wato iyakar girman fayil ɗin da zai riƙe a RAM, a kilobait 512.

Ni dai ban ga amfanin katafaren faifai ba a yanzu. Yawancin shafuka HTTPS ne, wato a kulle bayanansu ke tafiya, Squid wuce da su kawai yake yi bai ga cikinsu ba. Abin da ya fi kamawa a wurinmu fayilolin sabunta manhaja ne, su ma sai da na ɗaga maximum_object_size, wato iyakar girman fayil ɗin da zai ajiye, daga megabait 4 kafin ya fara ajiye su.