Tarihin Rayuwata, Kashi na 11: Kwanakin da Sallamata Ba Ta Samun Amsa

A makon jiya na tsaya ne a bakin ƙofar gidan kaso, ranar da aka sallame ni a farkon shekarar 2014, bayan na yi wata 14 a ciki saboda kuɗin albasar kawuna da na ci, jika 700, wato sefa dubu 700. Waɗanda suke bin wannan labari tun daga farko sun san yadda yaƙin Libiya ya koro mu daga Sabha a 2011, muka biyo ta Dirku da Agadas a saman babbar mota har muka iso Tawa hannu rabbana, sun kuma san yadda baƙin ciki da zaman fada, wato majalisar hirar samari, suka kai ni ga ƙwayar tramol, ita kuma ta kai hannuna ga amanar da aka damƙa mini. Ba zan maimaita wannan ba. Yau zan faɗi abin da ya biyo baya, domin a ganina watannin farko na waje sun fi na ciki wuya.

Kwana uku da fitowata Inna ta yafa mayafinta ta ce in biyo ta gidan yayanta, wato mutumin da na cuta. Na tsuguna a zaure kaina a ƙasa, ita kuwa ta zauna a gefen tabarma ta ce, "Yaya, ban zo in ce bai yi laifi ba, amma hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar." Kawu ya daɗe bai ce uffan ba, yana ta jan carbi, sannan ya ce zai mayar da ni wurin aiki bisa sharaɗi uku: ba zan riƙe kuɗi ba, ba zan riƙe mabuɗi ba, kuma abin da na ci bashi ne a wuyana sai na biya shi daga gumina, ko da zai kai shekara goma. Ni da a da nake raka kaya har Akara in dawo da kuɗi a ɗaure a ƙugu, sai ga ni cikin ƴan dako. Na karɓa da hannu biyu, kuma har yau ina ganin wannan sharaɗi shi ne alheri mafi girma da wani ɗan Adam ya taɓa yi mini, domin da ya yafe mini a ranar, da ban sami abin da zan tashi dominsa kowace safiya ba.

Lokacin kuwa kakar albasa ce. Wanda bai san ƙasar Adar, wato yankinmu na Tawa a Nijar, ba zai yi wuya ya gane matsayin albasa a wurinmu. Ana dasa ta da sanyi, a cire ta daga wajen watan Maris zuwa Afrilu, kuma jar albasar Galmi ta yi suna har a Gana da Abijan. A lokacin cira kasuwa takan cika farashi ya faɗi, don haka mai hali yakan zuba tasa a rudu, wato rumbun ajiyar albasa, ya jira bayan damina ta yi tsada, ko da yake ruɓa takan ci wani kaso kafin nan. Aikinmu shi ne mu tsince mai taushi daga mai ƙwari, mu cika buhu har ya yi tozo, mu ɗinke bakinsa, mu ɗora a mota. Buhu ɗaya ya fi ƙarfin ƙato ɗaya sai an kama masa, ga zafin rana na bazara, ga warin ruɓaɓɓiyar albasa da yake bin mutum har shimfiɗarsa. Duk da haka a wannan aiki ne na soma yin barci irin na mutane.

Da dare kuma na koma karatu. Akwai wani dattijon malami a unguwarmu da yake ba da karatu a zaurensa tsakanin magariba da lisha, na je na durƙusa na ce ina so in faro daga tushe. Ya sa ni a Ahalari, littafin da yara suke somawa da shi kafin Ishmawi da Iziyya da Risala, ina da shekara 31 ina zaune cikin waɗanda na kusa haifa. A shafukan farko ne na ci karo da sharuɗɗan tuba: yin nadama a kan abin da ya wuce, da ƙudurta niyyar ba za a koma ba har ƙarshen rayuwa, da barin saɓon nan take idan ana cikinsa. A nan ne kuma na karanta cewa bai halatta mutum ya yi abota da fasiƙi ko ya zauna da shi ba sai da larura. Malam ya ƙara mini da bakinsa cewa haƙƙin mutane ba ya faɗuwa da hawaye, sai an mayar wa mai shi ko ya yafe.

Dole in faɗi wani abu da yake a zuciyata a lokacin, wanda ban gane shi ba sai daga baya. Na ɗauki tuba kamar ciniki. A lissafina, tunda na bar ƙwaya, na tsare salloli biyar a jam'i, ina cin gumina, to cikin wata biyu ko uku gari zai gani, surukaina za su maido mini da matata da ƴata, mutane kuma za su soma cewa wane ya shiryu. Ina bauta wa Allah, amma rabin idona yana kan fuskokin jama'a ina jiran lada daga gare su.

Ladan bai zo ba. Ƴan fadarmu na da, waɗanda muka sha shayi da abin da ya fi shayi tare, su suka fara. Duk sanda na wuce da littafina a hammata sai wani ya ɗaga murya ya ce ga ustazun kaso nan, wani ya amsa da cewa tuban muzuru ne, kaza tana baki. Wannan bai dame ni sosai ba, domin na san abin da yake cinsu. Abin da ya fi yi mini ciwo a masallaci yake. Idan na shigo, sai in ga mutum ya tashi a hankali ya ɗauko takalmansa daga bakin ƙofa ya ajiye a gabansa, wani ya shafa aljihu ya tabbatar wayarsa tana nan. Akwai dattijon da ya san mahaifina, wanda idan na yi masa sallama sai ya duƙufa a kan carbinsa kamar bai ji ba. Surukina kuwa ya aiko a gaya mini cewa ƴarsa ba za ta koma ɗakin wanda alƙali ya san sunansa ba. A yau ba na ganin laifin ko ɗaya daga cikinsu, domin wanda maciji ya sara in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu, kuma ni ne na yi saran. Amma a wancan lokaci kowace irin wannan rana sai in koma gida kamar an ɗora mini buhu biyu.

Ana cikin haka, a tsakiyar watan Afrilu, aka ƙirga kayan da za su tafi Kumasi aka tarar babu buhu uku. Ban taɓa su ba, Allah shi ne shaidata. Babban ɗan kawu ya tsaya a gaban ƴan dako da direba ya nuna ni da yatsa ya ce, "Baba, ai na gaya maka, mai hali ba ya fasa halinsa." Na dubi Kawu ina jiran ya ce wani abu, ko ya kore ni ko ya kare ni, sai ya ce kawai a ci gaba da lodi. Shirun nan nasa ya fi zagin ɗansa zafi.

Daga ranar na daina zuwa masallaci, na daina zuwa zauren Malam. Ban bar salla ba, amma a ɗaka nake yin ta, a gaggauce, ina sallamewa ban san abin da na karanta ba. Ina zuwa aiki in dawo in kwanta in fuskanci bango, zuciyata tana ce mini idan da tuba da rashinta duk sunan ɓarawo ne, to wahalar ta mece ce? A dare na shida wani tsohon abokina ya shigo har ɗakina, ya zauna ya yi mini magana mai daɗin da na daɗe ban ji irinta daga bakin kowa ba. Ya ce mutanen nan ba su san darajata ba, ya ce yana da hanyar da ƙwaya take shigowa ta wajen Ƙonni, abin da ake so kawai shi ne wanda ya san gari ya rarraba, kuma kafin azumi, wanda a shekarar ya kama a ƙarshen watan Yuni, zan iya zube wa Kawu kuɗinsa gaba ɗaya in ɗaga kaina. Da zai tafi ya ajiye mini katin ƙwaya a kan tabarma. Ban sha ba, amma ban jefar ba. Na tura shi ƙarƙashin katifa, kwana uku ina jin sa a nan kamar garwashi.

A rana ta tara bayan la'asar Inna ta leƙo ta ce Malam yana waje. Dattijon da ba ya zuwa ko'ina sai masallaci da jana'iza, shi ne ya tako da sandarsa har ƙofarmu. Na fita a ruɗe na ce, "Allah gafarta Malam, ai da aike aka yi." Ya ce, "Wanda aka aika wa yakan ce ba ya nan. Zauna, ɗana." Na gaya masa komai, har da abin da yake ƙarƙashin katifa. Bai yi mini faɗa ba, sai ya tambaye ni ko na san labarin sahabi Ka'abu ɗan Malik.

Ya ce a shekara ta 9 bayan hijira Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya fita yaƙin Tabuka cikin tsananin zafi, Ka'abu kuwa ya yi ta cewa gobe zai bi baya har tafiya ta kuɓuce masa. Da aka dawo, mutum tamanin da wani abu suka zo suka kawo uzuri suka rantse aka ƙyale su, shi kuwa ya faɗi gaskiya cewa ba shi da wani uzuri. Sai aka hana kowa yi masa magana, shi da Murara ɗan Rabi'u da Hilalu ɗan Umayya, har dare 50. Ya haura katangar gonar ɗan baffansa Abu Ƙatada, wanda ya fi so a cikin mutane, ya yi masa sallama bai amsa ba. Ana cikin haka wani baƙo mai sayar da abinci daga Sham ya kawo masa takarda daga sarkin Gassan, yana ce masa ya ji an wulaƙanta shi, ya zo wurinsu za su girmama shi. Ka'abu ya ce wannan ma jarrabawa ce, ya jefa takardar a tanderu. Da aka cika dare 40 aka umarce shi ya nisanci matarsa. Sai a safiyar cikar hamsin, bayan sallar asuba, ya ji mai kira daga kan dutsen Sal'u yana yi masa bushara, ayar karɓar tubarsu ta sauka, ita ce ta 118 a Suratut Tauba, wadda ta siffanta yadda ƙasa duk faɗinta ta yi musu ƙunci.

Malam ya ce, "Kai ba Ka'abu ba ne, mutanen unguwar nan kuma ba wahayi suke bi ba, tsoron dukiyarsu suke yi, kuma kai ka koya musu tsoron. Amma ka lura da abu ɗaya. Abokansa biyu sun zauna a gida suna kuka, shi kuwa kullum yana fita ya yi salla cikin jama'a, ya yi sallama ya dubi leɓɓan Annabi ko sun motsa. Kai kuwa ka gudu, yau kwana tara ke nan. Dama don su amsa maka ka tuba?" Ban iya ba shi amsa ba. Ya miƙe ya ce takardar sarkin Gassan tawa tana ƙarƙashin katifa, na san inda tanderu yake.

A daren nan na jefa katin a masai. Ba zan ce na ji sauƙi nan take ba, domin har asuba ina juyi ina lissafin shekarun da zan yi ina dako kafin jika 700 su cika. Da aka yi kiran farko na tashi na tafi masallaci tun ba kowa, na ga butoci a bushe, na ɗebo ruwa na cika su, na zauna a ƙarshen sahun farko. Dattijon nan abokin mahaifina ya shigo, na yi masa sallama, bai amsa ba. Mutumin da ya tsaya kusa da ni ya ɗauko takalmansa ya ajiye a gabansa kamar kullum. Na yi sallata, kuma a karon farko tun fitowata na ji abin da liman yake karantawa daga farko har ƙarshe.

Maganar buhu uku ba ta warware ba sai bayan damina, kuma yadda ta warware ɗin shi ne labarin mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A ƙarshen watan nan na Afrilu, ana yi mini kallon wanda ya sace su, na haɗa jika 10 daga kuɗin dakona na kai wa Kawu a zaure bayan lisha. Ya ƙirga su sau biyu a gaban fitila, ya jawo wani tsohon littafin lissafi daga ƙarƙashin buzu, ya buɗe shafin da sunana yake a sama, ya soke 700 ya rubuta 690 a ƙasa. Sannan ya ce, ba tare da ya ɗago kai ba, "Gobe mota biyu ce, ka zo da wuri."