Kar ka bari a cire mata tamostat

Ranar Asabar ɗan yayata ya shigo layinmu yana ta danna hon, wai ya sayi mota. Honda ce, wacce ake cewa baby boy ɗin nan, 'yan 1998 zuwa 2002, wato dai ko sa'arsa ce ko ta girme shi. Ya sa mata tintak baƙi wuluk, ya cika but da sifiku. Na ce ma sha Allah, Allah ya tsare, buɗe min bonet in gani. Sai ga shi yana lalube a ƙasan sitiyari, bai ma san inda ake ja ba. Da aka buɗe, yana murɗa makulli tun inji bai tashi ba na ji fanka ta ɗauka. Na ce wa ya haɗa maka fanka dairek? Ya ce "Kawu ai bakanike ne, ya ce ma in dawo da ita a cire tamostat, wai na ƙasar sanyi ne, a zafin Kano ba shi da amfani." Wallahi sai da na nemi benci na zauna, don maganar da aka taɓa faɗa min ke nan ba ragi ba ƙari.

Tawa Honda Hala ce, Accord ɗin 1990 zuwa 1993, hannu na nawa ce Allah kaɗai ya sani. Na tattara duk abin da na mallaka har da kuɗin adashin maiɗakina na ba dillali, ko sisi ban rage na gyara ba. Kuma kar wani ya ce min wauta ce zalla, lokacin ina da yara 'yan makaranta, kullum sai na raba su a acaɓa biyu kafin in wuce kasuwar Kwari, to wa zai ga laifina don na so in rufa wa kaina asiri. Amma dai gaskiya akwai son a gani a ciki, abokaina duk sun yi mota, ni ma ina so in a ka zo ɗaurin aure in riƙa kaɗa makulli a yatsa.

Ba a jima ba ta fara ɗaukar zafi a cunkoso, musamman in na biyo ta Kabuga da yamma. Na kai ta gareji, ogan ko lagireto bai leƙa ba ya ce Alhaji matsalar tamostat ce, ya sa yaro ya kwance ya jefar, ya kira mai rewaya ya haɗa fanka dairek. Allurar zafi ta kwanta a ƙasa, na biya ina ta godiya har da ƙarin na goro. Abin da ban sani ba a lokacin, kuma babu wanda ya gaya min, shi tamostat ɗin nan ƙofa ce kawai, yana rufe ruwa har inji ya kai zafin da aka ƙera shi ya yi aiki a kai, wajajen digiri 80 zuwa 90, sannan ya buɗe ruwan ya zaga ta lagireto. In aka cire shi injin sai ya daɗe bai ɗumama ba, ya riƙa cin ringi a hankali, in kuma mai injekta ce kwamfutar motar sai ta ɗauka har yanzu da sanyi ta yi ta zuba fetur. Ciwon gaskiya kuwa yana nan ba a taɓa shi ba. Nawa lagireto ne ya toshe da tsatsa, ga murfinsa robar ta mutu ba ya riƙe iska, shi kuwa murfin nan shi ke hana ruwa saurin tafasa. Kuma ni na toshe shi da hannuna, don kullum da safe buta nake ɗauka in ɗura mata ruwan rijiya, in a hanya ne fiya wata. Ruwan kore ko jan nan na lagireto kuwa gani nake iyayi ne na masu kuɗi.

To amma fa kowa haka yake yi a lokacin. Ka je tasha ka duba motocin haya ka gani ko akwai mai tamostat. Mu da muka taso muna ganin Fijo 504 da ake harhaɗawa a Kaduna tana shan kowane irin ruwa tana zuwa Maiduguri ta dawo, ina za mu san cewa ita wannan ba ta ɗaukar wasa. Kan injin Honda alminiyam ne, zafi ɗaya mai kyau ya isa ya lanƙwasa shi.

Ranar da abin ya faru watan Afrilu ne, irin ranar nan da kwalta ke walƙiya, za mu Zariya biki, mota cike da mata da yara da kulolin abinci. Muna wuce Kura na ga allura ta fara ɗagawa. Maiɗakina ta ce Malam ina jin wani ƙauri, na ce birkin wata babbar mota ne. A Ciromawa ga wuri ga inuwa ga masu abinci, da na tsaya da shikenan, amma na ce bari dai mu ƙarasa Kwanar Dangora tunda mun makara. Can sai na ga allurar da ta kusa ja ta sauko da kanta, har na ce alhamdulillahi kun gani ta huce. Ashe ruwan ne ya ƙare ƙaf, tiyo ya fashe ta ƙasa, abin da ke auna zafin ba ya cikin ruwa balle ya faɗi gaskiya. Sai ƙarfi ya ragu, sai ƙas ƙas ƙas, sai ta mutu a hannuna. Na fito na buɗe bonet, na sa tsumma na murɗe murfin lagireto, tururin da ya rage ya daki bayan hannuna, tabon na nan har yau. Ban daddara ba na karɓi jarka wajen wani bawan Allah na kwarara ruwan sanyi a injin da ke ƙuna. In ma akwai sauran abin da zai tsira, da hannuna na ƙarasa shi.

Janwe ce ta dawo da ita Kano, iyali kuma na sa su a motar haya, surukata na gaba ba ta ce min uffan ba, wanda ya fi zagi ciwo. Washegari aka zaro sandar auna baƙin mai, ya fito kamar shayi mai madara. Gasket, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da gangar jikinsa, ya ƙone, kan inji ya lanƙwashe. Na yi ta sintiri tsakanin kasuwar kayan mota ta Ƙofar Ruwa da gareji, aka kai kan aka goge, na zaɓi gasket mafi araha saboda aljihu ya riga ya huje, ba a daɗe ba ya sake tafiya, ƙarshe sai inji ɗan Beljiyam na saya da bashi. In ka haɗa duka da na sayi wata motar. Wani lokaci in ce laifin bakaniken ne, wani lokaci in tuna ni ne duk sanda ya kawo farashi biyu nake cewa Oga yi min na lallaɓawa. Araha dai ba ta ado.

Na zauna da niyyar in jero muku shawarwari da yawa, amma na san ba karantawa za ku yi ba, ku da ko bidiyon minti ɗaya sai kun tsallake. In allura ta wuce rabi tana hawa, ka gangara gefe ka kashe, ko ɗaurin aurenka za ka. Kar ka taɓa murfi sai ka iya dafa tiyon sama da hannu. Tamostat in ya lalace sabo ake sawa, fanka a mayar da ita kan swic ɗinta don in tana gudu ba hutu wata rana za ta ƙone a tsakiyar go-sulo ba ka sani ba. A wanke lagireto, a sa murfi mai kyau, a zuba ruwan da aka yi don shi. Yanzu da aka cire tallafin mai tun Mayun 2023, wanda ya bar motarsa tana shan fetur a banza don an jefar da ƙarfe ɗan mitsitsi, to shi ya so.

Kar ka yarda da bakanike. Eh kuma na san zan ce ka riƙe bakanike ɗaya kar ka yi ta yawo gareji-gareji, duka biyun gaskiya ne, ka riƙe shi amma ka tsaya a kansa. Ku kuwa sai ku ajiye makulli ku koma gindin bishiya kuna danna waya, ko ku hau adaidaita ku tafi, a buɗe salansa a kwashe abin tace hayaƙin nan da ake cewa indomi a sayar, sai ƙara ta canza kuna cewa motar ta ƙara lafiya. Ni fa a ganina wanda bai iya zaro sandar mai ya goge ya mayar ya karanta ba, bai kamata ya sayi tsohuwar mota ba sam. Ko da yake sabbin ma ban ga abin so ba, fitila ɗaya ta kunnu sai an nemo mai kwamfuta, gara tsohuwar da kowane lungu akwai kayanta. In za ka saya dai ka rage kuɗi a hannu, kar ka yi irin tawa.

Sai tayimin bel, wato bel ɗin da ke daidaita motsin fistin da bawul a cikin inji, wannan na kusa mantawa. Irin waɗannan Hondojin bel ne ba sarƙa ba, kuma in ya tsinke kana tafe fistin ne zai daki bawul ya lanƙwasa su, babu wata allura da za ta yi maka gargaɗi. Mai motar da ya sayar maka zai rantse kwanan nan ya canza, kai dai ka canza, ka haɗa da famfon ruwa tunda aiki ɗaya ne a kwance. Kuma duk abin da aka ce an sa maka sabo, ka ce a miƙo maka tsohon ka jefa a but, ko da Oga zai ɓata rai.