Tambayar da Malam ya rubuta da jan biro

A shekarata ta uku a sashen nazarin addinai aka ba mu jinga a kan auratayya tsakanin Bani Isra'ila da maƙwabtansu, yadda ta zo a littattafansu na dā. Ni kuwa na ɗauka aikin dare ɗaya ne. Na buɗe Kubawar Shari'a, littafi na biyar na Attaura, sura ta 7, inda aka hana su aurar da 'ya'yansu ga ƙabilun Kan'ana ko auro nasu, na haɗa da littafin Ezra sura ta 9 da ta 10, inda aka sa maza su rabu da baƙin matan da suka aura, na cika shafi biyar, na yanke hukunci cewa Yahudawan dā ba sa auren bare, shi ke nan. Da takardar ta dawo babu maki a kanta, sai layi ɗaya da jan biro: "Uwar kakan Dawuda 'yar ina ce?"

Na same shi a ofis. "Allah gafarta Malam, ban gane tambayar ba." Ko kai bai ɗaga ba ya ce, "Littafin Rut sura huɗu ne kacal. Je ka karanta, ka dawo ran Alhamis."

Ashe Rut, uwar kakan Dawuda, ba Ba'isra'iliya ba ce, mutuniyar ƙasar Mowab ce, alhali wannan Kubawar Shari'ar da na dogara da ita ta ce a sura ta 23 Bamowabe ba ya shiga taron jama'a har tsara ta goma. Mijinta ya mutu, ta ƙi rabuwa da surukarta Na'omi, ta biyo ta Baitalami, tana kalar sha'ir a gonar Bo'aza har ya aure ta. Ta haifi Obida, Obida ya haifi Yesse, Yesse ya haifi Dawuda. Sarkin da suke tinƙaho da shi tattaɓa-kunnen baƙuwa ne, kuma littafin bai ɓoye ba, sai nanata "Rut Bamowabiya" yake yi. Daga nan sauran suka yi ta fitowa. A ruwayarsu Annabi Yusufu ya auri Asenat, 'yar wani firist na Masar, ita ta haifi Manassa da Ifraimu, ƙabila biyu ke nan. Annabi Musa ya auri Ziffora 'yar Madayana.

Ran Alhamis na koma da sabon hukunci, wai littattafan suna saɓa wa juna. Malam ya yi dariya ya ce, "Har yanzu fatawa kake nema. Kowace aya ka sa mata shekara, ka tambayi wa ke magana, me kuma yake tsoro."

Wannan ne ya gyara min karatu. A shekara ta 586 kafin haihuwar Annabi Isa sojojin Nebukadnezzar sarkin Babila suka rushe Urushalima, aka kwashe manyan gari zuwa Babila. A 539 Sairus na Farisa ya ci Babila, ya ba da izinin komawa gida. Waɗanda suka koma sun tarar da ɗan ƙaramin lardi a ƙarƙashin Farisa, ba sarki nasu, ba runduna, gonakin kakanninsu kuma akwai masu nomawa. Abin da ya rage musu asali ne, da ibada, da harshe, da gadon ƙasa, kuma aure yana taɓa dukkan huɗun. A cikin wannan hali Ezra, firist kuma malamin Attaura, ya iso Urushalima, yawancin masana suna cewa a 458, Nehemiya kuma, wanda ya yi gwamnan lardin, a 445. Har ma wasu masanan na ganin cikin matan da aka kira baƙi akwai 'ya'yan Yahudawan da ba a kai bauta ba, waɗanda masu dawowa suka daina ɗauka a matsayin nasu. Idan haka ne, rigimar ta cikin gida ce.

Wurin da ya fi tsaya min a rai shi ne Nehemiya sura ta 13. Ya ga yaran da aka haifa da matan Ashdod da Ammon da Mowab, rabinsu yaren Ashdod suke yi, ba sa iya harshen Yahuza. Ya tsine wa iyayen, ya doki wasu, ya cisge musu gashi. Ban ga dalilin duka ba, amma zafin na san shi. Kakata Bafulatana ce, har ta rasu tana mitar jikokin da take yi wa Fulatanci suna amsa mata da Hausa. Sai dai a wannan ƙarnin dai, a tsibirin Elefantin da ke Kogin Nilu kusa da Aswan, akwai Yahudawa sojojin Farisa da suka bar takardun aure da harshen Aramaik, kuma a cikinsu wata Bayahudiya mai suna Mibtahiya ta auri Bamisire, aka rubuta sadaki da shaidu kamar kowane aure.

Da zan sake rubuta jingar na karanta Ezra sura ta 10 a hankali, abin da ban yi ba da farko. An tara jama'a a filin Haikali ran 20 ga watan tara, ana sheƙa ruwa, suna rawar sanyi da fargaba. Suka amince za su rabu da matan, amma suka ce ruwa ya yi yawa, kuma maganar ba ta kwana ɗaya ko biyu ba ce. Aka naɗa masu bincike, suka yi wata uku suna aiki. An ambaci mutum huɗu a wurin da aka ce an ja da shawarar. Sai jerin sunayen masu laifi, har da firistoci. Na bi su da fensir ɗaya bayan ɗaya, sun haura ɗari, duk maza. Babu sunan mace ko ɗaya, ba a faɗi inda aka kai su ba, ayar ƙarshe dai ta ce akwai waɗanda suka haihu. Na rubuta hakan a shafin ƙarshe na miƙa. Malam ya ja layi a ƙarƙashinsa da jan biron nan, ya ba ni maki.