Na canza wurin aiki da ciki a gaba

Cikina na da wata huɗu takardar ɗaukar aiki ta zo. Akanta ce ni a wani kamfani a Kaduna, sabon wurin kuwa albashinsa ya kusa ninka nawa, ga shi kusa da gida. Maigida ya ce in karɓa. Umma ta ce, "Ki ja bakinki ki yi shiru sai kin zauna da gindinki, ai ba a tallan ciki."

Da wannan kunyar aka raine mu, na sani. Lissafi ne ya hana ni bin maganarta. Sashe na 54 na dokar ƙwadago ta Najeriya ya ba mace hutun haihuwa na mako 12, shida kafin haihuwa, shida bayanta. Amma biyan aƙalla rabin albashi a lokacin hutun yana da sharaɗi: sai ta yi wata shida a jere tana aiki a wurin. Ni kuwa kafin in gama wa'adin wata ɗaya na sanarwar barin aiki a tsohon wurina, cikin ya shiga wata biyar, ko wata huɗu ba zan cika a sabon ba. Hutu dai zan samu, amma doka ba ta tilasta musu ba ni ko sisi ba.

Mata da yawa suna jin labarin wata shida da gwamnatin Kaduna ke ba ma'aikatanta, ko mako 16 na ma'aikatan tarayya, sai su ɗauka na kowa ne. Na aikin gwamnati ne. A kamfani, abin da ya wuce na doka sai wanda aka rubuta a takardarki.

Don haka na faɗa musu bayan sun ba ni takardar, kafin in sa hannu. Ban faɗa a wurin tantancewa ba, kuma har gobe ban ga dalilin faɗa a can ba. Shugabar ma'aikata ta ɗan yi jim, ta ce za ta tuntuɓi manya. Aka tsaya a kan wata uku da rabin albashi. Ta ce, "Mun yarda, kada ki damu." Na ce, "Hajiya, don Allah a saka mini a takarda." Manaja kan tashi, takarda na nan.

Inshorar lafiya ce ta ci mini kuɗi. Ta tsohon wuri ta yanke ranar da na bari, ta sabon kuma tana da lokacin jira kafin ta ɗauki nauyin haihuwa, sai awo da haihuwar duk suka fito daga aljihunmu. Fansho bai ba ni wahala ba, lambar asusuna kawai na miƙa musu.

Abin da ba ya shiga lissafi shi ne baƙunta. A tsohon wuri in na ce yau ranar awo ce, akwai mai riƙe mini teburi. A nan ba wanda ya san aikina tukuna, ga kumburin ƙafa, ga manhajar lissafi da ban saba da ita ba, kuma kowane jinkiri sai a ɗora wa cikin. Goyon ciki a gidanmu bai yiwu ba, sai da na haihu na tafi wankan jego.

Da na koma, dokar ta ba mai shayarwa rabin awa sau biyu a rana. Na roƙi a haɗe mini su in riƙa tashi da wuri, suka amince.