Talata a Tromso: sakan talatin da suka cinye min sati uku

Na tashi ƙarfe shida, duhu. Na yi asuba na ɗan koma, na sake tashi takwas, duhun dai yana nan inda na bar shi. Tun ƙarshen Nuwamba rana ba ta leƙo garin nan na Tromso da ke arewacin Norway ba kuma sai an shiga tsakiyar Janairu ake sa ran ganinta, abin da muke samu kawai wani shuɗin haske ne wajen tsakar rana kamar magariba ta zo ta ƙi wucewa. Sallah ma jadawalin Makka muke bi a irin wannan lokacin, in ba haka ba ina za ka ga zawali. Na dama kunu da ragowar garin da Umma ta ƙullo min, na ɗaura wa takalmina robar nan mai ƙusoshi saboda santsi, na fita.

A bas na saurari saƙon muryar da Baba ya turo tun daren jiya. Wai a majalisarsu ta bayan isha'i an tambaye shi me 'yarsa take karantawa a ƙasar ƙanƙara, ya ce ilimin taurari, sai wani ya ce to Allah dai ya sa ba duba ba ne. "Uwata, ki faɗa min abin da zan gaya musu, amma da Hausa, ban da turancin nan naku." Dariya ta kama ni har matar da ke kusa da ni ta waiwayo.

Na danna na ce Baba ina kwana, kun tashi lafiya, ku ce musu wutsiyar duniya nake karantawa. Rana kullum tana feso wata iska, ba irin ta shaƙa ba, ƙwayoyi ne masu cajin lantarki da ke gudun kilomita wajen 400 a sakan ɗaya. Duniya kuma tana da maganaɗisu, shi ne mai juya allurar kamfas ɗin da kuke duba alƙibla. In iskar ta bugi maganaɗisun sai ya koma kamar mai babbar riga a kan babur, gaba ta manne a ƙirji, baya ta tashi tana filfilwa. Gaban, wato ɓangaren rana, kamu goma ne ko kusa da haka, kamunmu ɗaya kuwa kilomita 6,371 ne, daga cibiyar duniya zuwa doronta. Bayan kuma, ɓangaren dare, ya miƙe ya wuce wata da yake kamu sittin ya yi gaba abinsa. Wani Ba'amurke Norman Ness ne ya tabbatar da wutsiyar nan a 1965 da tauraron ɗan'adam IMP-1. Ban kai ofis ba amsa ta shigo: "Lallai wutsiyar raƙumi ta yi nesa da ƙasa. Allah ya ba da sa'a."

Amin, don yau na buƙaci addu'ar nan.

Ƙarfe biyu nake da miting da sufabaiza kuma na zo da wani giraf da nake ta ji da shi tun sati uku da suka wuce. Abin da muke bi shi ne sabstom, ƙaramar guguwar maganaɗisu. In maganaɗisun da ke cikin iskar rana ya juya kudu sai ya samu ƙofa a gaban namu, layukan maganaɗisun biyu su tsinke su ƙulla da juna, iska ta ja su baya ta jibge a wutsiya, kamar yadda wani masani Dungey ya zana tun 1961. Wutsiya ta yi ta cika tana miƙewa tana sirancewa na rabin awa zuwa awa ɗaya, kamar yaro yana jan danƙon harbin tsuntsu, can sai a saki. Sama ta kama da hasken orora, wato hasken launi-launi da ke bayyana da dare a ƙasashen can arewa, allurar maganaɗisu a ƙasa ta faɗi, bayan awa biyu ko uku komai ya lafa, wata rana a maimaita sau uku sau huɗu. Wani masani Akasofu ne ya fara tsara yadda abin yake tafiya a 1964, yana Alaska, daga tulin hotunan sama da aka ɗauka a 1957 da 1958.

To rigimar ita ce wa ya fara. Wasu sun ce can nesa ne, kamu ashirin zuwa talatin, layuka suke tsinkewa su sake ƙulluwa sannan filazma, wato ƙwayoyin nan masu caji, ta kwararo wajen duniya. Wasu sun ce a'a, nan kusa ne wajen kamu goma lantarkin da ke ratsa wutsiya yake fara katsewa, labari ya tafi baya daga baya. Shekara da shekaru ana ja. Sai NASA ta harba taurarin ɗan'adam biyar a Fabrairun 2007 ta raɗa musu THEMIS, sunan da Girkawan da suke alaƙantawa da adalci, wato dai an kawo alƙali da shaidu biyar an jera su a wutsiya kowa da inda zai tsaya, ga kyamarori ashirin a Kanada da Alaska suna ɗaukar sama duk sakan uku. Ranar 26 ga Fabrairu 2008 shaidu suka ga abu, jagoran aikin Angelopoulos da mutanensa suka rubuta cewa tsinkewar can nesa ta riga hasken orora da kamar minti ɗaya da rabi. Wani masani Tony Lui bai yarda ba, ya rubuta raddi. Ka ji fa, duk shari'ar a kan minti ɗaya da rabi take.

Ni kuma giraf ɗina ya nuna a guguwa arba'in da 'yan kai da na tattara, ƙasa ce take ɗan riga wutsiya motsi. Wallahi har na fara tsara yadda zan tsaya a taro in faɗa da sanyin murya.

Wajen sha ɗaya ɗan Finlan ɗin da muke ofis ɗaya, mutumin da in ya yi magana sau uku a wuni to ranar ya yi surutu, ya tsaya bayana da kofinsa ya kalli allon ya ce, datar ƙasan nan ta minti ɗaya-ɗaya ce, lokacin da kika liƙa mata na farkon minti ne ko na tsakiya? Na ce na tsakiya mana. Ya ce to, ya tafi. Na buɗe kod ɗin don dai in huce. Na farko ne. Ni da hannuna na haɗa matsakaicin kowane minti na manna masa lokacin farkonsa, ta taurarin kuma tana tsakiya, ke nan duk abin da ya faru a ƙasa na jawo shi baya da sakan talatin. Na gyara na sake kunnawa, ina kallo giraf ɗina mai kyau ya watse, wasu nan wasu can, ba mai gaba ba mai baya.

Ban iya cin abincin rana ba. Abin da ya fi ci min rai, wasu taurarin NASA guda huɗu masu suna MMS da aka harba a 2015 duk milisakan talatin suke auna ilaktoron, da haka suka ratsa ainihin wurin tsinkewar a wutsiya ranar 11 ga Yulin 2017, mutane suna lissafin milisakan talatin ni ina zubar da sakan talatin kamar ruwan wanki.

Sufabaiza bai yi faɗa ba, da ma ya yi da ya fi min sauƙi. Ya ce gara yau da bayan an buga, kuma tun farko datar minti ɗaya ba ta isa yanke wannan shari'ar ba, in koma kan ɗanyar datar da ba a haɗa matsakaicinta ba, sannan in daina yarda da taswirar da ke cewa wannan tauraron yana kan layi ɗaya da wancan yankin sama, don in wutsiya ta miƙe taswirar kan kauce sosai. Sati uku sun tafi.

Na dawo gida na dafa taliya da manja da yaji na ci a tsaye. Wajen tara, bisa sabo, na leƙa datar iskar rana da ake aunawa kilomita miliyan ɗaya da rabi daga nan, sai na ga ta juya kudu ta zauna. Sama kuma garau, abin da ba kullum ake samu a garin nan ba. Na ƙwanƙwasa wa maƙwabciyata muka taka zuwa tafkin Prestvannet, na ce mata yau da idona zan rubuta lokacin farawa, har sakan.

Da muka isa wani baka ne kore siriri ya ratsa sama daga gabas zuwa yamma, shiru, yana ɗan zamewa kudu a hankali, na san wutsiya ce take cika. Muka tsaya ƙafata ta fara mutuwa. Can sai ya ɗan dusashe kamar zai tafi, maƙwabciyata ta ce mu koma, na ce tsaya. Sai wasu ɗige-ɗige suka jeru a jikinsa kamar carbi, kafin in ce wani abu ya fashe, labule bisa labule suna gudu zuwa arewa, gefen ƙasa ruwan hoda, koren iskar oksijin ɗin nan da nake rubuta wa lambar launinsa 557.7 kullum a takarda ya cika ko'ina har ƙanƙarar tafkin ta koma kore. Subhanallah kawai nake ta maimaitawa. Sai da abin ya fara lafawa na tuna da agogo, na ciro waya na tarar sanyi ya kashe batirin. Ke nan shaida ta shida ma ba ta san wa ya fara ba.

Yanzu sha biyu saura, na jona caji na duba ma'aunin maganaɗisun Tromso, ya faɗi da ɗaruruwan nanotesla, awon ƙarfin maganaɗisu, wajen ƙarfe goma da 'yan mintuna, ga 'yar girgizar maganaɗisun nan da muke kira Pi2 a bakin faɗuwar. Ita wannan girgizar har ƙasashen da ke kusa da ikwaita ana kama ta da dare, kuma Jami'ar Kyushu ta Japan ta taɓa kafa irin ma'aunan a Abuja da Ilorin da Legas, gobe zan gaya wa Baba ya ƙara wa 'yan majalisa cewa in wutsiyar ta motsa har ƙasarsu tana ji. Na tura masa hoton da maƙwabciyata ta ɗauka, bai buɗe ba tukuna, ya yi barci. Yatsuna biyu har yanzu ba su dawo daidai ba. Da safe zan fara sauke ɗanyar data, tashoshi goma sha ɗaya ne.