Laraba: Littafin Da Aka Sayar Tun Kafin A Gama Shi

Bayan sallar asuba ban koma barci ba. Ɗan tsakanin nan, kafin a ɗora ruwan wankan yara, shi kaɗai ne lokacin da yake nawa, kuma waya ba ta shiga cikinsa. Da biro nake fara kowane babi, sai da rana in zuba shi a waya. Wajen kwafewar ake gyaran farko: jimlar da na ji ƙyuyar sake rubuta ta, yawanci ba ta da aikin yi a labarin, sai in bar ta a takarda.

Da hantsi wata ƙanwata a harkar rubutu ta yi sallama. Ko ruwan da na kawo mata ba ta taɓa ba ta ce, "Anti, na maƙale." Ta fara sakin littafi a WhatsApp, ta ba da shafukan farko kyauta, labari ya karɓu, mutane suka biya naira 500 suka shiga zauren masu biya. Kullum da dare take sakin shafi, kuma a ranar take rubuta shi. Ta miƙo min wayar. Saƙonni ne birjik: "Yau babu ci gaba ne?" "Mun fa biya kuɗinmu." Wata na so a saki amaryar, wata na so a kashe uwargidan. Ita kuwa ta bi masu rinjaye ta kashe uwargidan a haɗarin mota, sai ga shi babu sauran rigima a gidan, labari ya zauna.

Na karanta daga farko, kuma wallahi yarinyar nan tana da hannu. Akwai inda uwa ta auni garin tuwo da kwano, ta tsaya, ta ɗebi tafi ɗaya ta mayar cikin buhu saboda wata bai yi nisa ba. Ba ta rubuta kalmar talauci ko sau ɗaya ba, amma sai da zuciyata ta karye. Da na kai shafukan baya-bayan nan sai na tarar da lissafin akwatunan lefe, da launin labule, da gaisuwa mai cin rabin shafi. Wanda ya saba rubutu ya san wannan alamar: marubuciya ba ta san inda za ta ba, dare kuma ya yi, dole a saki wani abu.

Na ce, "Ƙanwata, faɗa min ƙarshen labarin nan a jimla uku." Ta yi shiru tana murza gefen mayafinta.

Ban ga laifinta ba don ta sayar. Rubutu aiki ne, data da caji ba kyauta ake samunsu ba, kuɗin ɗab'i kuwa ya fi ƙarfin yawancinmu. Raba littafi kashi-kashi ma ba yau aka fara ba. Tun da adabin kasuwar Kano ya bunƙasa a shekarun 1980, marubuta ke buga na ɗaya, su kai wa 'yan littafi a Sabon Gari, cinikinsa ya buga na biyu. Amma a lokacin ana samun makonni ko watanni tsakanin kashi da kashi, mai rubutu ya numfasa, ya sake dubawa. Yanzu dare ɗaya ne tsakani, kuma mai karatu yana cikin aljihunka yana magana. Kuɗin da aka karɓa kafin a gama littafi bashi ne, kamar telan da ya karɓi ɗinkin salla fiye da ƙarfinsa: zai ba da kayan, amma kowa zai ga inda aka yi gaggawa.

Muka shimfiɗa takarda. Na sa ta rubuta ƙarshen tukuna, ko da ba zai zauna a haka ba, sannan ta jero abubuwan da dole su faru kafin a kai can, kowanne a layi ɗaya. Nan muka daɗe, don sai da muka nemo wanda zai gaji rigimar uwargidan. Ashe yana nan tun shafin farko: babbar 'yarta, wadda aka ambata aka manta da ita. Da ta gano haka da kanta sai ta gyara zama, biro ya fara gudu.

Sauran shawarar gajeriya ce. Ta faɗa wa masu karatu gaskiya, ta nemi mako biyu. In ta dawo, ta riƙa saki kwana uku a mako, kuma kada ta saki shafi sai tana da goma a ajiye. Sharhin mutane sai bayan ta gama rubutun ranar. Kowane shafi ta karanta shi a bayyane kafin ya fita, domin labaranmu yanzu ta kunne da yawa suke jin su, a rediyo da YouTube, kuma inda harshe ya sarƙe nan gyara yake. Na ƙara mata da ta riƙa tura wa kanta kwafi ta imel. OkadaBooks, manhajar sayar da littattafai inda marubutanmu da dama suka zuba littattafansu, ta rufe a ƙarshen 2023. Manhaja ba rumbu ba ce.

Na kuma matsa mata ta gwada gajeren labari. Gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016 domin mata tana neman kalma 1,000 zuwa 1,500 ne. Ko ba ta tura ba, wanda ya iya rufe labari a wannan tsawon ya koyi abin da shafi ɗari na WhatsApp ba zai koya masa ba.

Bayan isha'i ta kira ni. Ta yi sanarwar a zauren. Wasu sun yi mita, biyu sun ce a mayar musu da kuɗinsu, na ce ta mayar a daren ba tare da musu ba. Mafi yawa sun ce Allah ya kai mu. Ta turo min jerin da ta sake tsarawa, na ga ta kawo auren babbar 'yar da wuri, alhali shi ya kamata ya zo dab da ƙarshe. Ranar Asabar za ta dawo da babi biyu mu karanta tare.